Darasin girgizar ƙasa da ya fitar da tsohuwa daga ɗakinta

Shekarun baya da dama, zamanin soja na mulki, lokacin da nake ganin babu abin da alli da allo ba za su iya gyarawa ba, aka tura ni koyarwa wata ƙaramar sakandare a wajen Dutsen Kura, nan Minna. Fitowata ke nan daga kwalejin horon malamai. Ban yi aure ba tukuna, ina zaune da mahaifiyata a Tunga. Kullum da safe in tari tasi in tafi, jakata cike da littattafai, kaina cike da dabarun koyarwa da nake ɗokin gwadawa a kan 'ya'yan mutane.

'Yan aji ɗaya aka ba ni, yaran da ba su daɗe da barin firamare ba, wasu ma rigar makarantar ta yi musu yawa. Akwai 'ya'yan Gbagyi, akwai Nufawa, Hausawa, Yarabawa, da 'ya'yan ma'aikatan reluwe irina, waɗanda in ka tambaye mu garinmu sai mu ce Minna kawai. Doka ta ce da Turanci za a koyar. Nakan fara da Turancin, in na ga idanu sun yi zuru, sai in leƙa ta taga in tabbatar shugaban makaranta ba ya kusa, in juya harshe zuwa Hausa, wadda ita ce kowa ke ji.

Damina ta kankama muka iso darasin girgizar ƙasa. Littafin ya yi zane uku ƙanana a gefen shafi, sun dusashe har ni kaina sai na ƙura ido nake gane su. Na ce a raina yaran nan ba za su fahimci komai a haka ba. Sai na sayi sabulun wanki irin mai tsawon nan, na yanka shi a karkace da wuƙa, na ja masa layuka da bakin ƙusa kamar hawa-hawan dutse, na tafi da shi aji ina jin kaina.

Na ce musu ƙasar da muke takawa, in aka tona aka wuce turɓaya, dutse ne. Dutsen kuma ba dunƙule guda ba ne, akwai wuraren da ya tsage. Na haɗa gutsuren sabulu biyu na ɗaga su sama. Na ce in aka ja su baya da juna, ɗaya sai ya zame ƙasa. Na sake haɗawa na ce in aka matse su, ɗaya sai ya hau bayan ɗan'uwansa. Na uku kuma ba hawa ba sauka, gogar juna kawai suke yi, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. Duk lokacin da dutse ya daɗe a maƙale sannan ya kuɓuce farat ɗaya, abin da ke samansa sai ya girgiza.

Kafin in rufe baki yaran sun raɗa musu sunaye. Na farko suka ce sunansa zamiya. Na biyu goyo. Na uku aka yi ta gardama, daga ƙarshe wata ta ce ai wannan shi ne wucewar kasuwa, yadda mutum biyu ke goge kafaɗa a lungun 'yan tumatir. Aji ya kwashe da dariya. Na jera kwalayen ashana a kan tebur a matsayin gidaje, na jijjiga teburin suka zube, aka yi ta tafi. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar ranar ba.

Can wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ƙasar Minna ma a tsage take?"

Na ce, "Babu inda dutsen ƙasa ba shi da tsaga. Ƙarƙashin ajin nan ma in aka tona da nisa ana iya samu. Sai dai namu..."

Sai aka kaɗa ƙararrawar tashi. Wanda ya taɓa koyar da yara ya san abin da ke biyo baya. Na ƙarasa maganar cewa namu tsofaffi ne, sun daɗe da kwantawa, amma bencuna da ƙurar takalma kaɗai suka ji ni.

A layin gaba akwai wata yarinya 'yar Gbagyi, siririya, ba ta cika magana ba, amma in ta yi zane a littafinta ya fi na allo kyau. Ita ce ta tsaya ta taya ni tattara kwalayen ashana, tana ta juya sabulun a hannunta. Daga baya na ji cewa tana isa gida ta ɗauko doya ta yanka a karkace, ta zauna gaban kakarta ta nuna mata zamiya da goyo da wucewar kasuwa, ta kuma gaya mata Malama ta ce ƙarƙashin Minna a tsage yake.

A lokacin akwai wani kamfanin hanya da ke fasa dutse da nakiya can bayan unguwa. Mun saba jin ƙararsa daga nesa, dum, kamar an buga ƙaton turmi. Kwana kaɗan bayan darasin, da hantsi, suka tayar da wadda ta fi ta kullum ƙarfi. Tagogin ajinmu suka yi ƙara, yara suka yi ihu, "Goyo! Goyo!" suna dariya. Ni ma na yi dariya na ce nakiya ce, kowa ya zauna.

Washegari yarinyar ba ta zo ba. Jibi ma haka. Mako ya juyo wurinta yana nan babu kowa. Ina shirin tambayar maƙwabtanta sai aka ce shugaban makaranta yana kirana.

Na tarar da wani mutum zaune a ofis, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Mahaifin yarinyar ne, direba a wata ma'aikatar gwamnati. Na zaci faɗa ya zo yi, har na fara shirya amsa. Sai na ga idanunsa irin na wanda ya kwana biyu bai yi barci ba.

Ya ce, "Malama, ba ƙara na kawo ba. Taimako nake nema. Mamata ce."

Ya ce ranar da aka tayar da nakiyar nan tsohuwar tana cikin ɗaki. Randarta ta goce daga kan mazauninta ta fashe, bango kuma ya yi 'yar tsaga daga taga zuwa ƙasa. Tun daga ranar ta kwashe kayanta ta koma gindin mangwaro a tsakar gida, ta ce ba ta ƙara shiga ƙarƙashin rufi. In ruwa ya sauko sai ta lulluɓa da leda. Ya gaya mata nakiya ce, ta ƙi. Fasto ya zo ya yi addu'a, ta ce amin, ta ci gaba da zamanta. Ga shi tari ya kama ta, kullum ƙaruwa yake yi.

"Yanzu cewa take in mayar da ita ƙauye, can inda aka sake wa mutanenmu matsuguni. Can babu asibiti kusa, Malama. Matata tana da goyo, ba za ta iya binta ba. In na kai ta, dole yarinyar nan ta bi ta ta kula da ita. Kin ga karatu ya ƙare ke nan."

Shugaban makarantar dattijo ne mai sanyin magana. Ya zare tabaransa ya dube ni ya ce, "To Malama, ke kika girgiza ta. Sai ki je ki kwantar da ita."

Da aka tashi na bi mutumin zuwa gidan. Kuma don ku san irin wayon da nake da shi a lokacin, da sabuluna na tafi.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, rufin kwano, mangwaro a tsakiya. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma, ƙulle-ƙullen kayanta a gefe an ɗaure su tam kamar mai jiran mota. 'Yar ƙarama ce, kafaɗarta ɗaya ta yi kanta saboda shekarun da ta yi tana ɗaukar kaya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke yi. Ɗalibata tana tsugune tana dama mata koko. Da ta gan ni ta sunkuyar da kai kamar wadda ta yi sata.

Na durƙusa na gaishe ta. Hausarta irin ta tsofaffin ƙauye ce, ba ta raba mace da namiji. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne malama? Kai ƙarami ne."

Na ce, "Ni ce, Kaka."

Na buɗe jaka na fito da sabulu. Na yi bayani iyakar iyawata. Na ce wuraren da ƙasa ke girgiza sosai suna da nisa, sai an ƙetare teku. Na ce tsagar da ke ƙarƙashinmu ta tsufa, ta daɗe ba ta motsa ba. Don in nuna mata bambancin, na haɗa gutsuren biyu na zame ɗaya. Ina ganin idonta yana bin sabulun nan har ƙasa. Ta gyaɗa kai ta ce, "Haka yarinya ya nuna. Gaskiya ne ke nan."

Na ce, "Gaskiya ne, amma ba a nan ba."

Ta yi tari mai tsawo, sannan ta juya harshe zuwa Gbagyi, jikarta tana mayar mini da Hausa a hankali.

Ta ce ƙauyensu yana bakin kogi ne, can inda aka yi babbar madatsar ruwa. Wata shekara wasu mutane masu hulunan ƙarfe suka zo da abin hange mai ƙafa uku, suka kakkafa turaku a gonaki. Suka zauna da maza a ƙofar mai gari, ba a kira mace ko ɗaya ba. Ita a bakin wani yaro ɗan makaranta ta ji cewa wai ruwa zai taso har ya shanye itacen ɗorawar da ke bayan gidanta. Ta yi dariya. Kogin yana can ƙasa, in za ka ɗebo ruwa sai ka gangara har gwiwarka ta yi ciwo, ta yaya zai hau tudu? Ta ce wa yaron ya daina kwaso ƙaryar 'yan boko, har ta ɗaga masa muciya.

Ranar da motoci suka zo kwasar su tana gona. Ta dawo ta tarar an riga an loda kayanta, ana ta kiranta ta hau. Mijinta yana kwance a kabarinsa a bayan gida, kusa da ɗorawar nan. Ba ta samu ta je ta tsaya a kansa ta ce masa ta tafi ba. Yanzu ruwa ne a samansa, masu kwalekwale suna wucewa.

Ta koma Hausa ta ce, "Wancan, yaro ya faɗa mini, na ce ƙarya. Wannan, yaro ya faɗa mini. Ba zan ce ƙarya ba."

Ban san lokacin da na mayar da sabulun jaka ba.

Ta matso ta kama hannuna. Tafinta kamar ɓawon itace, ga zafin zazzaɓi. Ta ce, "Kai ka yi karatu. Ka rantse da Allah ba zai zo ba, ni in shiga."

Ɗanta yana tsaye a bayanta yana yi mini alama da ido, yana roƙona in rantse kawai a wuce wurin. Ɗalibata ma ta ɗago tana kallona.  A kwaleji an gaya mana ko a ƙasar nan akan ji ɗan motsi jefi-jefi a wasu wurare. Ta yaya zan rantse da Allah a kan abin da ke hannunsa? Kuma yarinyar da na koya wa darasin tana zaune tana saurare.

Na ce, "Kaka, ba zan iya rantsewa ba."

Ta saki hannuna ta ce, "To." Ta gyara ledarta. Ɗanta ya raka ni bakin titi, da tasi ta tsaya ya ce ranar Asabar zai nemi mota ya kai su ƙauye.

Na isa gida na kasa cin tuwo. Mahaifiyata ta zuba mini ido har ta gaji ta ce, "Wai ke lafiya? Ko an kore ki ne?"

Na kwashe labari na gaya mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Da kika je, me kika kai mata?"

Na ce, "Sabulu."

"To ai kin kyauta, ta samu na wanki."

Na ce, "Ba na ba ta ba ne, Inna. Na nuna mata ne na dawo da abina."

Ta yi salati, ta ce gobe in na tashi daga makaranta in biyo in ɗauke ta. Na ce ina za ta da wannan ciwon gwiwar, ita da ko kasuwar Tunga sai an yi da gaske take zuwa? Ta ce ba shawara ta nema ba.

Washegari da la'asar muka tafi. Ta dama kunun gyaɗa ta cika kwano, ta daka citta da kanumfari ta ƙulle a leda, ta ɗauki kwalbar man zafinta. Hadari yana haɗuwa ta gabas tun muna cikin tasi.

Inna ta yi sallama ta nufi gindin mangwaro kai tsaye, ta dafa kafaɗata ta zauna a gefen tabarmar da ƙyar. Ta ce, "Sannu Yaya. An ce ba ki jin daɗi." Suka yi ta gaisuwa kamar sun shekara da sanin juna. Ta zuba mata kunu, ta tambayi tarin, ta ce a tafasa cittar nan da safe. Suka shiga hirar doyar bana, da yadda manja ya yi tsada, da yadda yaran yanzu ba sa jin magana, nan kuwa har da nuna ni da baki. Ni ina tsugune ina jiran in ji ta inda za ta ɓullo wa maganar ƙasa. Ba ta ko nufi wajen ba.

Tsohuwar ce da kanta ta tambaya, "Mijinka yana nan?"

Inna ta ce ya daɗe da rasuwa. Ta ce ma'aikacin reluwe ne, a gidajen bakin layin dogo ta haifi duk 'ya'yanta, inda in jirgin kaya zai wuce kwanuka ke rawa a kan kanta, jariri ma har ya saba ba ya farkawa. Ta ce an tura shi aiki wata tasha mai nisa, ciwo ya kama shi can, kafin labari ya iso Minna an riga an binne shi.

"Ban ga fuskarsa ba, Yaya. Ban san ko wace bishiya ce kusa da shi ba. Na yi shekara ina jin haushin kowa, har jirgin ma ba na son jin kukansa."

Ban taɓa jin mahaifiyata ta faɗi wannan ba. A gida in aka ambaci Baba, Allah ya jiƙansa kawai take cewa ta tashi ta kama wani aiki.

Tsohuwar ta ajiye ludayi ta ce, "To yaya ka yi?"

"Addu'a nake aika masa. Kullum."

"Nawa yana cikin ruwa. Addu'a yana shiga ruwa?"

Inna ta ce, "Wanda ya yi ruwan ai shi ke karɓa."

Tsohuwar ta sa gefen zaninta ta rufe fuska. Inna ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, ta dai ɗora hannu a gwiwarta ta bar shi a nan.

Iska ta taso, ganyen mangwaro ya fara zuba a cikin kunu. Matan gidan suka fito da gudu suna kwashe shanya, ana kiran yara. Yayyafi ya fara, manya-manyan ɗigo. Na ce, "Inna, tashi mu fake, gwiwarki."

Ta ce, "Mai wuri ba ta ce in shiga ba."

Surukar tsohuwar ta leƙo ta ce, "Mama, ku shigo nan ɗakina mana."

Inna ta ce, "Na gode 'yata. Wurin Yaya na zo."

Ruwa ya sauko da gaske. Tsohuwar ta jawo ledarta ta miƙa wa Inna, Inna ta mayar mata ta ce ai mai tari ita ta fi buƙata. Suka yi ta tura wa juna leda, ruwa yana dukansu su biyun. Mayafin Inna ya jiƙe ya manne mata a baya. Tsohuwar ta fara faɗa, rabi Hausa rabi Gbagyi, tana cewa wace irin baƙuwa ce wannan mai taurin kai, so take a ce ta zo gidanta ta kwashi ciwo? Inna ta yi kamar ba da ita ake ba, har da gyara zama.

Sai na ga tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta kama wuyan hannun Inna ta ja. Na taimaka muka ɗaga ta, suka taka a hankali, mai tari tana jan mai ciwon gwiwa, har ƙofar ɗakin. A bakin ƙofa tsohuwar ta tsaya cak. Ta dubi tsagar bangon, ta dubi rufin. Ɗanta yana tsaye cikin ruwa bai ko motsa ba. Sannan ta sa ƙafa ta shiga.

Dab da ƙofa ta zauna, ta ce kada a rufe. Jikarta ta kwaso ƙulle-ƙullen kayan ta shigo da su, aka samo wa Inna busasshen zani. Ruwa yana ta dukan kwano har sai an ɗaga murya ake jin juna.

Na matsa gabanta na durƙusa. Wannan karon babu komai a hannuna. Na ce, "Kaka, jiya kin ce in rantse na ƙi, yau ma ba zan rantse ba. Amma ga abin da na sani. Masu madatsar nan su suka tare kogi da hannunsu, shi ya sa suka san ruwa zai zo, har suka kafa turaku. Wannan kuwa babu wanda ya kafa turke, babu wanda ya ce yana zuwa. Ni ma ban ce ba, maganata ce aka ji rabi. Abin da ya fasa miki randa nakiya ce. A garin nan nake kwana, a ƙarƙashin kwano irin wannan, ni da uwata."

Ta juya tana kallon ruwan da ke zuba daga indararo.

Na ce, "Kuma na yi miki alkawari ɗaya, wannan ina iya rantsewa a kansa. Duk ranar da na ji wani labari a kan ƙasar nan, a rediyo ko a littafi ko a bakin manya, ke zan fara gaya wa."

Ta juyo ta ce, "Da ƙafarka?"

"Da ƙafata."

"Ba yaro ba?"

"Ba yaro ba. Ni da kaina."

Ta dubi Inna ta ce, "Yaronka yana cika magana?"

Inna ta ce, "Ba ta da wayo sosai, amma ba ta ƙarya."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ita ce dariyarta ta farko da na ji.

Ba a nemi motar Asabar ba. Ranar Litinin ɗalibata ta dawo wurinta a layin gaba. Ta ce Kaka tana kwana a ɗaki amma ƙofa a buɗe, sauro yana ta cin su. An kai ta asibiti aka ba ta maganin tarin. Kayan nan kuwa sun daɗe a ɗaure, sai da lokacin kaka ya yi aka fara cin sabuwar doya sannan ta kwance su, ɗaya yau, ɗaya wani makon. Inna ta yi kwanaki tana jinyar gwiwa, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya masa 'yarta ce ta ja mata da iliminta.

Na sake koyar da darasin a ajin, na fara da inda ƙararrawa ta katse ni. Har na bar aikin koyarwa haka nake yi. In darasi yana da abin tsoro a ciki, da abin kwantar da hankali nake farawa, kuma ba na barin tambaya a buɗe in na ga lokacin tashi ya kusa.

Alkawarin nan shi ya mayar da ni 'yar gida. Duk bayan 'yan makonni nakan biya in gaishe ta, ko ba labarin komai. In mun gama ina wuni da yaya jiki da yaya mamanka, sai ta rage murya ta ce, "Yaya ƙasa?" In ce, "Tana kwance lafiya, Kaka." Ta ce, "To, madalla," ta sa a ɗauko mini doya. Da na yi aure ta zo biki da tukunyar da ta gina da hannunta. Jikarta ta gama sakandare, ta yi karatun jinya, yanzu ita ma tana da jikoki.

Abin da ya zauna mini a rai tun lokacin shi ne, yaran da ke gabanmu a aji ba su kaɗai ke sauraronmu ba. Kowannensu akwai gidan da zai koma, akwai wanda zai zauna ya ba labarin abin da Malama ta ce, kuma ba mu san abin da mutumin nan ya taɓa rasawa ba. Na tafi gidan nan ina ganin tsohuwa ce da ba ta gane kimiyya ba. Ashe ta gane sarai, har ta fi wasu 'yan ajina. Abin da ke cinta daban ne: an taɓa yanke hukunci a kan gidanta da kabarin mijinta, ba wanda ya ga ta isa a zo a gaya mata.

Ta yi shekaru bayan haka. A ɗakin nan ta yi ciwon ajalinta, a kan gado, ƙofa a rufe saboda sanyi. Zuwana na ƙarshe ba ta iya tashi zaune, maganar ma sai an kai kunne. Na riƙe hannunta na gaishe ta, na ga leɓenta yana motsi. Na sunkuya.

Ta ce, "Ƙasa?"

Na ce, "Tana kwance lafiya, Kaka."

Ta lumshe ido ta ce, "To. In na je wurin mijina zan gaya masa."